Surukina da Akori-Kurarsa

Ina kan keken ɗinki a shagona da ke Kwanar Dangora aka bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ran surukina. Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma. Kafin in rufe shago labarin ya riga ni isa tasha. Wani tsohon direba da ke lodin Tudun Wada ya ba fasinjojin da ya fara ɗauka haƙuri, ya sauke su, ya ce yau ba shi da hanya sai ta jana'iza. Shi ya kwashe mu, ni da mai ɗakina da yara. Muka ratsa dajin Falgore. Sai da duwatsun Riruwai suka fara bayyana ya numfasa, ya ce shi dai abin da ya sani, daga yau duk wanda mota ta mace wa a wannan hanya zai daɗe yana ɗaga hannu.

Mun samu ƙofar gidan ta cika. Ga tsofaffin da suka yi aikin kuza tare da shi tun suna samari, har da Kiristocin cikinsu, waɗanda suka ja gefe ɗaya suka zauna a kan benci, huluna a hannu. Ga direbobi daga Doguwa da Tudun Wada, har da na Bebeji, motocinsu sun yi layi sun toshe hanyar shanu. Bayan an dawo daga maƙabarta wata dattijuwar Bafulatana ta tsaya a bakin zaure, ta ƙi shiga wurin mata sai da ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce lokacin da mijinta ya rasu a asibiti babu direban da ya yarda ya shiga rugarsu da gawa, don hanyar ba ta mota ba ce. Surukina ne ya ɗauko shi, ya bi ta cikin gonaki da fadama ya kai shi har ƙofar bukka, kuma ya tsaya aka yi sutura da shi. Ta faɗi wannan, ta ajiye ƙwaryar nono a gaban liman, ta juya.

Wanda ya fi ba ni tausayi ƙanen marigayin ne, wanda muke kira Baba Ƙarami. Bai zauna cikin masu karɓar gaisuwa ba. Ya koma ƙarƙashin mangwaron da akori-kurar yayansa take, ya jingina da tayarta, duk wanda ya je yi masa ta'aziyya sai ya gyaɗa kai kawai.

Ni tela ne, kuma suruki, wato ina cikin waɗanda suka fi kowa nisa da bakinsa. Amma na ga abin da na gani, kuma ba na son jikokinsa su tashi da sanin cewa kakansu wani tsoho ne mai tsohuwar mota, shi ke nan.

Da aikin yaron mota surukina ya fara, a manyan motocin da ke ɗaukar kuza. Da aikin ma'adinai ya ja baya sai ya koma gonar mahaifinsa, ya yi ta noman masara har ya sayi akori-kurar, wadda ko a lokacin ta sha duniya. An ce fara ce da can. Ni dai na same ta launin ƙasar gona, ƙofar gefen fasinja sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Da ita yake kai masara da rake da dankali kasuwanni, da ita ake ɗauko taki, da ita ake kai amare da marasa lafiya. Shi ne direbanta, shi ne bakanikenta. Ban taɓa jin ya kai ta gareji don ta ƙi tashi ba.

Yana da halaye a kan man fetur waɗanda mutane suke yi wa dariya a bayan idonsa. A bayan kujera yana ajiye wata farar kwalba wankakkiya. Duk inda zai sha mai, ko a gidan mai ne ko wurin 'yan bumburutu, sai ya tsiyaya kaɗan a kwalbar, ya ɗaga ta sama ya duba da hasken rana. Idan ruwa ya kwanta a gindi, ko ya ga baƙin gari yana yawo, sai ya mayar ya yi godiya ya wuce. Ba ya barin tanki ya yi ƙasa sosai, yana cewa duk dattin shekaru a gindin tanki yake kwance. Kuma ba ya zuba mai sai ta cikin farin ƙyalle. Abu na farko da ya taɓa nema a wurina ke nan bayan na auri 'yarsa, shi ma ba da bakinsa ba. Ya gaya wa surukata, ita ta gaya wa mai ɗakina, ita kuma ta gaya mini cewa Baba yana son ragowar farin yadi mai laushi idan akwai. Tun daga nan nake tara masa.

Idan yana koya wa direbobi, magana ɗaya yake maimaitawa. Yakan ce mai tafiya yake yi, daga tanki ya bi tiyo ya shiga filta, daga filta famfo ya ja shi ya tura wa kafireto, don haka idan mota ta ƙi tashi ka bi shi a ƙafa ka ga inda ya tsaya. Yakan kuma ce kada mutum ya cire abin da bai tabbatar ya mutu ba.

Ba ya wuce motar da ta mace a hanya, ko yana ɗauke da tumatir. Direban da ya kawo mu jana'iza ya ba ni labarin yadda suka san juna. Yana saurayi a lokacin, motarsa ta yi ta mutuwa tana tashi a tsakiyar daji, fasinjoji suna ta zaginsa, shi kuma ya riga ya yanke cewa famfon mai ne. Marigayin ya tsaya, ya zagaya, ya ga murfin tanki ya ɓata, an cusa leda da tsumma an toshe bakin tam. Ya zare tsumman, tankin ya ja iska da ƙara, motar ta tashi. Bai faɗi komai a gaban fasinjoji ba. Sai da ya ja saurayin bayan mota ya gaya masa a hankali cewa tanki ma yana bukatar numfashi, idan iska ba ta shiga ba mai ba zai fita ba.

Ba zan ce haka yake da kowa ba. Baƙo yana samun sassaucinsa, nasa kuwa suna shan kaifin harshensa. Rigimarsa da Baba Ƙarami kowa a garin ya san ta. Baba Ƙarami yana sayar da mai a jarkoki a bakin hanya. Wata rana marigayin yana sauri, ya sha mai a wurin ƙanen nasa bai duba a kwalba ba, don yana ganin ɗan'uwa ne. Bai yi nisa ba motar ta fara tari ta mutu, da buhunan masarar mutane a kanta, ruwan sama kuma ya sauko ya jiƙa su. Ya kwance kafireto ya samu ruwa a ciki. Washegari ya taka har wurin sana'ar ƙanen, masu babura suna tsaye suna jiran a zuba musu, ya tsiyaya man a kwalba ya ɗaga sama ya ce kowa ya zo ya ga abin da ake sayar masa. Baba Ƙarami ya rantse cewa ruwan sama ne ya shiga duro ta murfin da ya tsage, bai sani ba. Na yarda da shi, kuma ina jin marigayin ma daga baya ya yarda. Amma maganar ta riga ta fita, masu saye suka gudu, 'yan'uwan kuma suka daina shiga harkar juna. Sukan haɗu a masallaci, su gaisa sama-sama, kowa ya kama gabansa. Damina ta wuce, wata ta zo, ba su shirya ba.

Ni kuwa tsakanina da shi kunya ce irin ta suruki. Idan na zo garin nakan cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ba ma cin abinci a inda ɗaya zai ga ɗaya. Malam yake kira na. Da an tambaye ni a lokacin yadda idanunsa suke, da ban iya faɗa ba.

Da cikin mai ɗakina na fari ya tsufa, aka mayar da ita gidan iyayenta kamar yadda aka saba. Ita ce 'yarsa ta fari, don haka ba ya kama sunanta, ba ya yi mata magana kai tsaye, ko a gabansa take sai ya ce a gaya wa waccan. Na zo dubiya a tsakiyar damina, na sauka a zauren maƙwabta, sai na tarar ta kwana tana naƙuda. Bayan azahar ungozoma ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta, a nemi asibiti yanzu. Ranar kasuwa ce, duk motocin garin sun fita, kuma ba halin a ɗora ta a babur. Aka aika gona aka kira shi. Ya zo da laka har gwiwa, bai tambayi kowa komai ba. Hadari ya haɗu, don haka aka sa ta a gaba, ta kishingiɗa a jikin mahaifiyarta.

Ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake, haka. Na manta da kunya na ce Baba ko mu tura ta. Ya ce motar da mai ba ya isa gare ta ko an tura ta har Kano ba za ta tashi ba, kuma ba zai kashe batir a banza ba. Ya fito ya buɗe bonet, sannan ya dube ni a ido, karo na farko.

"Malam, shiga ka zauna a kujerata. Idan na ce murɗa ka murɗa. Idan na ɗaga hannu ka saki."

Na shiga na zauna, kafaɗata tana gogar ta surukata, abin da ban taɓa zaton zai faru a duniya ba. Ya cire murfin da ke saman kafireto, ya ɗiga ɗan fetur daga kwalbarsa a maƙogwaronsa, ya ce in murɗa. Motar ta tashi da ƙara, zuciyata ta yi sanyi, sai ta sake mutuwa. Ya ce, kamar da motar yake magana, wuta lafiya lau, mai ne ba ya zuwa. Ya zagaya ya buɗe murfin tanki, ya kasa kunne, ya zura kara ya zaro shi a jiƙe. Akwai mai. Ya dawo ya zare tiyon da ke shiga kafireto, ya sa bakin tiyon a kwalba, na murɗa. Ko ɗigo. Ya cire filta ya hura, iska ta wuce salin-alin. Ya ce in fito in sa kunne a bakin tanki, ya hura tiyon da ya taho daga can, na ji man yana ɓulɓula, na gaya masa. Ya ce to hanya a buɗe take.

Duk wannan ana yi mai ɗakina tana nishi, wani lokaci ta yi shiru, shirun ya fi nishin tayar mini da hankali. A raina ina jin haushin natsuwarsa. Gani nake mutumin nan 'yarsa tana mutuwa yana hura tiyo. Daga baya da na zauna na tuna, duka binciken bai fi tsakanin kiran salla da tayar da ita ba.

Sai ya zaro sandar awon baƙin mai ya kai hanci. Nan na ga fuskarsa ta canza. Ya ce robar da ke cikin famfo ce ta yage, famfon ya daina turawa gaba, fetur ɗin yana zuba cikin injin yana tsinka baƙin mai. Sabon famfo kuwa sai Tudun Wada.

Bai tsaya jimami ba. Ya ce a nemo galan da dogon tiyo, za a ba kafireto mai daga sama, ba ta famfo ba. Ana cikin neman tiyo sai ga Baba Ƙarami a kan babur, ashe mata sun kai masa labari. Ya sauke jarka da tiyon da yake zuƙar mai da shi, ya ajiye a gaban yayansa.

"Yaya, ni na tace shi da hannuna."

Kwalbar tana nan a gefen injin, kowa yana ganinta. Marigayin bai ko kalle ta ba. Ya ɗauki jarkar ya cika galan. Suka sunkuya tare, ɗaya ya toshe tiyon tanki da guntun kara, ɗaya ya ɗaura dogon tiyon a kafireto, suka fito da shi ta gefen bonet suka ɗaure bonet ɗin da igiya. Baba Ƙarami ya shinshina sandar awon shi ma, ya ce baƙin man nan ya zama ruwa, idan aka yi tafiya da shi haka injin zai buga, ko a tsaya a juye. Marigayin ya ce babu lokaci.

"Idan ta kai mu, ta gama aikinta."

Ni aka ba galan. Na hau baya na tsaya a bayan kan mota, na ɗora shi a rufi, na tsiyaya fetur a tiyon har ya cika, na tsoma bakinsa cikin galan. Ya shiga ya murɗa da kansa. Ta tashi, kuma ba ta mutu ba.

Ba mu bar gari ba ruwa ya kece. Na rungume galan da hannu ɗaya, da ɗayan na danne tiyon kada ya zame, na cire hulata na rufe bakin don kada ruwa ya shiga. Duk ramin da muka faɗa sai man ya fantsamo mini a ƙirji, ga sanyi ga zafi. Ungozoma tana zaune a bayan motar lulluɓe da buhu, ita ta riƙe mini ƙafa. Da galan ya yi ƙasa na buga rufi, ya tsaya bai kashe ba, na ƙara daga jarka, muka ci gaba. Na sha shiga motoci a wannan hanya, ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Bai yi gudu ba, bai kuma tsaya ba. A rafin da ake tsoro ya sa giya ɗaya ya shiga ya fita kamar ya auna shi da tef. Kafin mu shiga Doguwa injin ya fara wani ƙwanƙwasa daga ciki, ina ji ta tafin ƙafata, na san shi ma yana ji. Bai sassauta ba sai a ƙofar asibiti.

Ma'aikata suka karɓe ta. Shi bai shiga ba. Ya zauna a ƙasa kusa da taya, ya kwance famfon yana jujjuya shi a hannu. Ana kiran magariba na fito na durƙusa na gaya masa an samu mace, uwa da 'ya suna raye, kuma sun ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Ya ce alhamdu lillahi, ya shafa fuska. Sai ya ce in je in nemi sabulu in wanke ƙirjina, fetur yana cin fata.

Injin kuwa ya buga. Sai da aka sauke shi gaba ɗaya, masarar wannan shekara a motocin wasu ta je kasuwa, shi yana zaune a kan buhu kamar kowane fasinja. Ban taɓa jin ya ambaci wannan ba, ko sau ɗaya. Baba Ƙarami ne ya yi ta zirga-zirgar neman kayan gyara da shi, kuma daga nan ba a sake ganin ɗaya yana cin tuwon dare ba tare da ɗayan ba. Ni da shi muka koma kunyarmu, sai dai idan na zo gaisuwa yakan matsa ya bar mini gefen tabarma.

Da idonsa ya raunana ya miƙa makulli ga ɗansa, ƙanen mai ɗakina, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Ya ce wanda ba ya ganin rami ba shi da hakkin ɗaukar 'ya'yan mutane. Amma kowace safiya sai an ɗaga masa bonet ya sunkuya ya shinshina. Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. An ce ya yi sallar asuba a zaune, ya nemi a ba shi kunu, kafin a kawo ya cika.

Da baƙi suka ragu na shiga yi wa mai ɗakina sallama, don zan riga ta komawa. Na same ta ita kaɗai a ɗakin mahaifiyarta. Muka ɗan taɓa hira, maganar ranar nan ta faɗo, na ce har yanzu ina mamakin taurin zuciyar Baba, yadda ya yi tuƙin nan bai ko waiwaye ta ba. Ta dube ni ta ce ai ni a waje nake, ruwa yana dukana, ban san abin da aka yi a ciki ba.

Ta ce tun da suka bar gari ya kira ta da sunanta na yanka, wanda ba ta taɓa ji a bakinsa ba, har ta zaci wani ne yake magana. Bai yi shiru ba har Doguwa. Yana gaya mata inda suke, mun wuce gonar rake, mun haye rafi, ga kwalta nan gaba. Duk lokacin da ta lumshe ido sai ya sake kiran sunan, ya ce ta amsa masa. Ta ce akwai inda ta ji ta gaji, ta ce masa Baba ka yafe mini. Sai ya ce:

"Ba yau za ki nemi gafarata ba. Buɗe idonki ki duba hanya, ke za ki gaya mini idan mun iso."

Da suka isa aka fitar da ita, ya koma yadda yake. Har ya bar duniya bai sake kama sunanta ba, mahaifiyarta ma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini ba duk shekarun nan. Ta ce motarsa ta kowa ce, hannunsa na kowa ne, wannan kaɗai ne nata.

Allah Ka gafarta masa kaifin harshensa, Ka karɓi tsayuwar da ya yi wa bayinKa a kan hanya, Ka yalwata masa makwanci. Mu da ya bari, Ka ba mu ikon riƙe zumuncin da ya bar mana, Ka sa mu cika da imani.